ILMIN KIMIYYA: Sa'ad da Zauren Na'ura ya Cika

A cikin shirinmu na yau za mu yi magana bisa wata cuta da ta kan kama manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfutoci, musamman waɗanda a ke haɗa su gungu guda don su yi aiki tare. Cutar kuwa ita ce ƙarancin wurin jira. Za mu duba mafarinta, da yadda a ke gane ta, da kuma maganinta. Tun da ya ke babu inda taro ya ke gwada ƙarfin na'ura kamar Makka a kwanakin aikin Hajji, to, daga can za mu ɗauko misalanmu.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu

A shekara ta 2019 mutum 2,489,406 ne suka yi aikin Hajji, a 2024 kuwa 1,833,164. Nijeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000 a 2023. Yanzu kusan dukan hidimar waɗannan bayin Allah ta hanyar na'ura ta ke bi. Biza da na'ura a ke bayarwa. Tun 2022 hukumar Saudiyya ta buɗe manhajar Nusuk, wadda ta cikinta a ke neman izinin shiga Rauda a Madina. Kuɗin hadaya ma, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara kula da aikinsa a 1983, ana iya biyansa ta talho. To, in na'urar da a ke tambaya ta yi shiru, ba injiniya ne ya ke fara shan wahala ba, tsohon da ya fito daga Daura ko Tasawa ne, yana tsaye a bakin ƙofa cikin rana. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka. Kun ga ashe jinkirin minti goma a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Saba, da gungu, da zaure

Kafin mu yi nisa, bari mu san kalmomi uku. Ta fari ita ce saba, watau babbar kwamfuta wadda aikinta amsa tambayoyin sauran kwamfutoci da talho. Ta biyu gungu. Hidimar da mutane da yawa su ke dogara da ita ba a ɗora ta bisa saba guda, gama in ta faɗi shi ke nan. Sai a haɗa biyu, ko uku, ko ɗari, su raba aiki, in ɗaya ta mutu sauran su ɗauki kayanta. Wannan haɗin shi mu ke kira gungu.

Ta uku ita ce zaure. Saƙo ba ya tafiya cikin waya a dunƙule, sai an yayyanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki a kira shi fakiti, yawanci kuwa ba ya wuce bayit 1,500. Fakitoci ba su zuwa daidai wa daida. Wani lokaci su zo a jere, wani lokaci su zubo kamar ruwan Agusta. Saboda haka na'ura ta kan keɓe wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta inda za su zauna su jira a zo kansu, kamar yadda baƙo ya kan zauna a zaure har mai gida ya fito. Zaurukan nan suna da yawa: akwai a cikin katin da waya ta ke shiga, akwai a cikin manhajar da ke tafiyar da na'urar, akwai kuma ga kowace hanya da aka buɗe tsakanin na'ura da na'ura. In zaure ya cika, fakitin da ya zo daga baya sai a yar da shi, ko kuwa na'ura ta ƙi karɓar sabon aiki, ta ce babu sauran wurin jira. A Linux sunan wannan kuka ENOBUFS, lambarsa 105. A Windows lambarsa 10055.

Darasi daga kasuwar Ka'akiyya

'Yan'uwanmu mazauna Makka sun san Ka'akiyya, unguwar nan da ke kudu da Harami, bayan Misfala, inda babbar kasuwar kayan lambu da ta dabbobi su ke. Motocin kaya suna shigowa, a sauke, dillalai su sayar, mota ta fita wata ta shiga. Mu ɗauka mota 30 ce ta ke shigowa kowace awa, kowace kuwa tana yin awa 2 kafin ta fita. Filin mota nawa a ke bukata? Sai a ninka 30 sau 2, ya ba da 60. To, mu ɗauka wata rana 'yan dako sun yi ƙaranci, mota ta koma yin awa 4. Motocin da ke zuwa ba su ƙaru ko da guda ba, amma yanzu fili 120 a ke bukata. Mai fili 60 sai ya ga layi ya miƙe har kan titi.

Wannan lissafi doka ce ta kimiyya. Wani masani Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da ita a 1961: yawan masu jira daidai ya ke da yawan masu zuwa a ninka shi da tsawon zaman kowane. Tushen ilmin kuwa ya girmi kwamfuta. Wani mutumin Denmark, Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin talho na birnin Kofanhagan, shi ya fara lissafin cunkoson layin talho a 1909.

Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne mabuɗin dukan zancenmu. Zaure ya kan cika saboda ɗayan abu uku: ko baƙi sun yi yawa, ko mai gida ya yi nawa wajen fitowa, ko kuwa waɗanda aka sallama sun ƙi tashi. Na huɗu, wanda kowa ya ke fara zargi, shi ne zauren tun asali ƙarami ne. A misali, in tambaya 500 ta ke zuwa kowane sakan, kowace tana yin sakan 2, to, saba tana riƙe da 1,000 a hannu. In rumbun bayanai da ke bayanta ya yi sanyin jiki har tambaya ta koma yin sakan 20, sai ta wayi gari da 10,000, alhali ba a sami ƙarin mutum ko ɗaya ba.

Yadda cutar ta ke rushe gungu

Ga saba guda, cikar zaure jinkiri ce kawai. Ga gungu kuwa tana iya zama ajali. Dalili shi ne, na'urorin gungu suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo a kai a kai, kamar sau ɗaya kowane sakan, ma'anarsa ina nan da rai. Masana suna kiransa bugun zuciya. In aka daina jin bugun wata na ɗan lokaci, sai sauran su yanke hukunci ta mutu, su fitar da ita, su raba aikinta. To, bugun nan shi ma fakiti ne, ta zaure ya ke bi. In zauren ya cika sai a yar da shi tare da sauran. Sai ga na'ura lafiyarta ƙalau, aiki ne kurum ya yi mata yawa, an yi mata jana'iza.

Ku dubi abin da zai biyo baya. Mu ce saba uku ce, kowace tana ɗauke da kashi 70 cikin 100 na iyakar ƙarfinta. Jimla 210 ke nan. An fitar da ɗaya, saura biyu, kowace ta sami 105, abin da ya fi ƙarfinta. Zaurukansu su ma su cika, bugunsu ya ɓace. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Daɗa ga masu talho can waje, kowa ya ga shiru sai ya sake latsawa, ya kuma latsawa, tambaya ɗaya ta zama biyar.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Wani lokaci gungu ya kan tsage biyu, kowane ɓangare yana tsammani ɗayan ne ya mutu, duka biyu su shiga rubutu a rumbu guda. Sai a sayar wa mutum biyu gurbi ɗaya, ko a rubuta kuɗi a nan ba a rubuta a can ba. Don gudun haka ne aka sa dokar rinjaye: ɓangaren da ya fi rabi shi ne zai ci gaba, ɗayan tilas ya tsaya. Shi ya sa a ke son adadin masu ƙuri'a ya zama mara, kamar 3 ko 5, ko a ƙara wata 'yar na'ura ta zama shaida.

Yadda a ke bincike

Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikacin kirki ba ya gaggawar kashe na'ura ya kunna, gama yin haka yana share sawun ɓarawo. Ga matakan da ya kamata ya bi, ɗaya bayan ɗaya.

Na fari, ya duba lokaci. Kowace na'ura tana da rajista inda ta ke rubuta abin da ya same ta. Ya jera rajistar dukan na'urorin gungun, ya nemi wadda ta fara kuka da sakan ɗin da ta fara. A Windows lamba 1135 ita ce shaidar an fitar da wata daga gungu. Amma fa sai agogonsu duka ya zama daidai, in ba haka ba sai a ɗauki mai bi a matsayin mai ja. Sa'an nan ya tambayi kansa, me ya ke faruwa a daidai wannan lokaci? In kullum da ƙarfe biyu na dare ne, watakila lokacin kwafe bayanai ne zuwa ma'aji. In bayan kowane mako uku ne, wannan wata alama ce dabam, za mu zo kanta.

Na biyu, ya gano wane zaure ne. Kukan iri ɗaya ne, amma zaurukan dabam dabam. Akwai ma'auni ga kowane: ethtool yana nuna fakitocin da katin waya ya zubar, netstat da ss suna nuna hanyoyin da ke buɗe da yawan abin da ke jira a kowace. Kada ya karanta sau ɗaya ya tashi, gama lambobin tarawa su ke yi tun ranar da aka kunna na'urar. Ya karanta yanzu, ya sake bayan minti ɗaya, ya ga wace lamba ce ke hawa.

Na uku, ya ƙirga ƙofofi. Kowace hanya da na'ura za ta buɗe zuwa wata tana bukatar lambar ƙofa, lambobin kuwa duka duka 65,536 ne, kuma wani kashi ne kaɗai aka keɓe don fita. Har wa yau, in an rufe hanya ba a sake amfani da ƙofarta nan take, sai ta huta tukuna, don kada fakitin da ya makara ya faɗa cikin zancen wani. A Windows 2000 ƙofofin fita ba su kai 4,000 ba, hutun kuwa minti 4. Ku yi lissafin Ka'akiyya: abin da ya wuce sabuwar hanya 16 ko 17 a sakan zai ƙarar da su. Daga Windows Server 2008 aka mai da su 16,384. A Linux kuwa wajen 28,000 ne, hutun sakan 60. In ƙofofi suka ƙare, Windows ta kan yi kukan nan na 10055, ko da ya ke ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba, ta kuma rubuta lamba 4231 a rajista. Maganin na gaskiya shi ne a gyara manhajar ta riƙa yin zance da yawa ta hanya guda, maimakon ta buɗe sabuwa ga kowace tambaya.

Na huɗu, ya duba littafin maƙwabta. Na'ura tana ajiye jerin adireshin na'urorin da ke layi ɗaya da ita. A Linux iyakar wannan jeri ta asali 1,024 ce. A ƙaramin ofis wannan ya isa har ya yi saura, amma a babban gungu mai dubban adireshi sai ya cika, na'ura ta kasa aika ko da fakiti ɗaya ga sabon maƙwabci, ta ce babu wurin jira. Nan kam ɗaga iyakar shi ne magani.

Na biyar, ya nemi yoyo. Wata manhaja ta kan ari wuri a ƙwaƙwalwa ta manta ba ta mayar ba. Kaɗan kaɗan ne, ba a gani a rana ɗaya. Alamarta ita ce wadda muka ambata: na'ura ta yi lafiya bayan an kunna ta, ta yi mako biyu ko uku, ta faɗi, a sake kunnawa ta warke. A Windows Server 2003 mai bit 32, ɓangaren ƙwaƙwalwar da zaurukan waya su ke ci daga ciki bai wuce megabayit 256 ba, saboda haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya ƙarar da shi. Akwai ma'auni mai suna PoolMon da ke nuna wanda ya ke ci ba ya mayarwa, sau da yawa kuwa a kan tarar manhajar katin waya ce ko ta tsaro. Faɗaɗa zaure a nan kamar ƙara wa tulu mai huda ruwa ne. Sai dai a sabunta manhajar ko a cire ta.

Na shida, in duk waɗannan sun fita, sa'an nan ya auna girman zauren kansa. Shekaru da yawa iyakar da Linux ta ke zuwa da ita ga zauren hanya guda bayit 212,992 ce. Waya mai gudun gigabit ɗaya tana kawo bayit miliyan 125 a sakan. Watau in manhaja ta yi gyangyaɗi na kashi 2 cikin 1,000 na sakan, zauren ya riga ya cika. Irin wannan lalle yana son faɗaɗawa. Amma ya canza abu ɗaya, ya auna, ya rubuta, kana ya taɓa na gaba. Kuma abin da ya yi wa ɗaya ya yi wa dukan gungun, don kada ranar da aiki ya koma kan wata a tarar ita ba a gyara ta ba.

Babban zaure ba kullum ne alheri ba

Mai sauraro zai ce, to, me zai hana a gina zaure ƙato tun farko a huta? Amsa tana cikin dokar Little. In mai gida mutum goma ya ke gani a awa, ka gina zauren mutum dubu, ba ka ƙara masa sauri ba, ka dai sa na ƙarshe zai yi awa ɗari yana jira. Bugun zuciyar da ya iso bayan an yanke hukunci ba shi da bambanci da wanda ya ɓace.

Tarihi ya nuna haka. A watan Oktoba na 1986 hanyar da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wurare biyu da tsakaninsu bai wuce yadi 400 ba, ta faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Ba waya ce ta tsinke ba. Na'urori ne kowace ta ga saƙonta bai isa ba ta yi ta maimaitawa, har maimaici ya cinye hanyar. Van Jacobson ya fito da magani a 1988: mai aikawa ya fara a hankali, yana ƙarawa, da ya ga an yar masa da fakiti sai ya rage gudu. Ashe yar da fakiti ma yana da amfani, shi ne ke gaya wa mai aikawa ya sassauta. A 2010 Jim Gettys ya nuna cewa da ƙwaƙwalwa ta yi araha masu ƙera na'urori sun cika girman zauruka, har wannan gargaɗi ba ya isa da wuri, jinkiri ya yi ta hawa. A 2012 Kathleen Nichols da Jacobson suka fito da dabarar CoDel, wadda ba ta duba yawan masu jira, sai tsawon jiran da kowane ya yi.

Abin da gadar Jamra ta koya

Wannan hikima an gan ta a Mina da idanu. Bayan turmutsitsin watan Janairu na 2006, inda alhazai fiye da 340 suka rasu, Allah ya jiƙansu, an rushe tsohuwar gadar jifa aka gina sabuwa mai hawa hawa, wadda aka tsara ta ɗauki mutum 300,000 a awa. Amma ba da faɗi kaɗai aka tsaya ba. An raba hanyar shiga da ta fita, an kuma ba kowane rukunin tantuna lokacinsa na fitowa, don jira ya kasance a cikin tanti inda akwai inuwa da ruwa, ba a bakin gada ba.

Haka mai kula da gungu zai yi. Ya ba bugun zuciya wayarsa dabam, ko biyu ma, kada ya cuɗanya shi da kayan kwafe bayanai. Ya sa mai tsaron ƙofa a gaba, wanda in aiki ya kai iyaka zai ce wa sabon zuwa ya dawo an jima, gama gara a amsa wa mutum dubu tara sosai da a riƙe dubu goma ba a amsa wa kowa ba. Ya koya wa manhajar talho haƙuri: in ba ta sami amsa ba ta jira sakan 1, sa'an nan 2, sa'an nan 4, sa'an nan 8, da ɗan bambanci tsakanin talho da talho don kada su dawo gaba ɗaya. Ya bar sarari, yadda in na'ura uku ce kowace kada ta kai kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Daga ƙarshe ya gwada tun kafin ranar: ya ƙirƙiro cunkoso da gangan, ya kashe ɗaya, ya ga ko sauran za su tsaya. Ranar Arfa sananniya ce, 9 ga Zulhajji, ba ta zuwa ba zato. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu talho a hannu kuna da naku taimako. In manhaja ta yi shiru a lokacin taro, ku ɗan saurara kafin ku sake latsawa. Abin da za a iya nema tun da dare, kamar izini ko katin shaida, a nema a adana a cikin talho tun kafin a fita.

To, jama'a, a taƙaice ga abin da muka koya yau. Zaure wurin jira ne, ba ya yin aiki da kansa. In ya cika, a fara tambaya wane zaure ne, kuma me ya cika shi: yawan baƙi, ko nawar mai gida, ko waɗanda suka ƙi tashi. Sai an amsa wannan kana a ɗauko magini. Nan za mu dakata. Allah ya kai alhazanmu lafiya ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.